A Sawun Yaya Bala

Suleja

Ana idar da sallar asuba na fita daga gidanmu na unguwar Wambai, bayan an kwana ana yayyafi. Baba ne ya aike ni in nemo masa yayana Bala, wanda ya bar gida tun ina firamare. Jikin Baba ya ƙi daɗi tun farkon damina, kuma abu ɗaya ya tsaya masa a rai.

Baba ya yi aikin masinja a kotu, a can ya tsinci kalmar Turancin nan, bagabon. Ya ce haka ake kiran wanda aka kamo yana gararamba, aka tambaye shi gidansu ya kasa nunawa. Ranar da Yaya Bala ya ƙi makaranta ya rungumi akwatin gyaran keken ɗinki, ita Baba ya jefe shi da ita a zaure. Yanzu ya kira ni ya ce, "Habu, baki na yi wa yaron nan, don da Turanci na yi shi ne ban lura ba. Kawo mini shi in janye abina tun ina da numfashi."

Na shiga ƙaramar mota mai zuwa Minna. A Maje gajimare ya sauko har kan rufin sababbin gidajen da suka cinye gonaki, sai ka ce a sama aka gina su. Dab da shingen 'yan sanda na Dikko wani ɗan acaɓa ya yanko gabanmu, direba ya leƙa ta taga ya daka masa tsawa, "Bagabon kawai!" Na ce, "Direba, me kake nufi da ita?" Ya ce, "Oga, ɗan iska mana, ai wannan ba sai an je makaranta ba." Kowa ya yi dariya, ni kuwa sai na ji abin ya soke ni.

Lambata

Mun haye kogin Gurara a Izom ruwan ya yi jajir, muka iso Lambata da hantsi. Na tambayi wani tela mai suna Malam Isa labarin yayana, ya dube ni ya ce, "Bala mai keke? Ai ga hancinsa nan a fuskarka. Jiya a kan bencin nan ya wuni, yau yana Kwakuti." Ya sa aka kawo mini gasasshiyar doya da manja, ya ce ƙanen Bala ba ya sayen abinci a layinsu. Na ci ina kallon ɗigon man keke a kan bencin.

Kwakuti

A bayan a-kori-kura na ƙarasa, a kan buhunan gawayi. Ruwa ya tsare mu a hanya, motar kuma ta yi fushi ta mutu. Kafin mu iso kasuwa ta watse, sai rumfuna da awaki. Aka ce Yaya Bala ya tashi tun la'asar.

Wata dattijuwa mai ɗinki, Mama Ladi, ta ba ni tabarma a shagonta. Da safe ta kawo mini kunun gyaɗa, ta ce, "Ɗana, in bayansa za ka bi, haka za ka yi ta bi har kaka. Shi zagaye yake yi, kowace kasuwa da ranarta. Ka juya ka tare shi. Yau yana Madalla, Juma'a kuwa ba ya taɓa keken kowa, Suleja yake shiga."

Na ajiye kofin. Ni da nake ratsa Madalla safe da yamma a hanyar aikina na Abuja, ina gyangyaɗi a bas, ashe yayana nake wucewa.

Madalla

Na koma ta hanyar da na biyo, na wuce garinmu ban sauka ba. Dutsen Zuma ya lulluɓe kansa da gajimare, ƙasansa kawai ake gani. A layin teloli na hango wani mai furfura ya kara kunne a jikin keke yana juya shi a hankali, idonsa a lumshe. Na tsaya a kansa.

Ya ɗago ya ce, "Habu, ka yi ƙiba." Ya san ranar aurena, ya san sunan 'yata. Ya ce duk Juma'a a sahun baya yake tsayawa a masallacinmu, ya hangi hular Baba, ya fice kafin a watse. "Juma'a uku ke nan ban ga hular ba," in ji shi.

Na ce, "Shi ya aiko ni, Yaya." Ya rufe akwatinsa, ya miƙe.

Gida

A keke Napep muka shiga Wambai ana kiran la'asar. Baba na kwance a zauren nan dai. Ya laluba fuskar Yaya Bala da hannu biyu, ya ce, "Na janye, Bala, na janye. Allah ya yi maka albarka." Can ya ce, "Ina da ina ka je duk shekarun nan?"

Yaya ya ce, "Ban je ko'ina ba, Baba. Gidan nake ta kewayawa, ina jira a ce in shigo."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Isa da doyarsa, da Mama Ladi da ta juyo da ni hanya. Washegari Juma'a, Baba ya ce a sa masa hularsa. Mu biyu muka riƙe shi har sahun gaba.