Kwanon da ba a buɗewa a soronmu

Tun ina yarinya na tashi na ga ana yin ciyayya a soron gidanmu da ke Yakasai. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma, abokan Baba su fito kowa da kwanon tuwonsa a hannu, a haɗa a tsakiya a ci tare. A da su bakwai ne. Mutuwa ta ɗauke uku, ɗaya kuma 'ya'yansa suka gina masa gida a bayan gari suka kwashe shi. Saura Baba, da wani Alhaji mai sayar da turaren wuta wanda kakanninsa daga Borno suka zo, sai wani tsoho mai wankin hula. Mu 'ya'yan gida Baba mai turare da Baba mai hula muke ce musu.

A bara likita ya ce Baba yana da ciwon suga. Ni na raka shi asibiti, don ni ce ta kusa. Aure Gwammaja ya kai ni, ina koyarwa a firamare, kullum in na tashi sai na biyo ta gida. A gidanmu kuwa an san ni da ɗaukar abu da zafi. Umma takan ce da namiji aka haife ni da unguwar nan ba ta zaunu ba. To, ranar ma ban ba ta kunya ba. Kafin la'asar na sayo 'yar na'urar gwajin suga, na kai alkama niƙa, na ɗauke gwangwanin sukari daga ɗakin Baba na sa a jakata.

Sai na zo kan kwanon soro. Malmala biyar ta tuwon shinkafa Umma take zubawa kullum, miya har tana neman zubowa. Na ce daga yau malmala biyu ta alkama, ƙanana.

Umma ta dube ni ta ce, "Kwanon maza ba a auna shi."

Na ce, "Umma, na masu suga ana aunawa."

Ta ci gaba da tuƙinta.

Wata biyu muna haka. Sugan bai sauka ba, Baba kuma sai ramewa yake yi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da na matsa wa Umma da tambaya, ta ce bayan isha yakan shigo ya ce a haɗa masa shayi da burodi, wai bai ƙoshi ba. Raina ya ɓaci. Wata rana na ƙi tafiya gida da wuri, na laɓe a bayan ƙofar soro kamar ɓarauniya. Rediyo tana ta bayani, su kuma suna tankawa. Kuɗin mota ya tashi, masara ta yi tsada, ruwa ya ci gonaki a wani gari. Baba mai turare ya fi kowa ɗaga murya, shi ya san abin da ya kamata hukuma ta yi, sai dai ba a tambaye shi ba. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Baba ne mai buɗe kwanuka, dama can shi ke buɗewa. Ya buɗe namu, ya buɗe na Baba mai turare, dafa-dukar shinkafa tana ta tururi. Na Baba mai hula, wani tsohon kwanon samira shuɗi, ya jawo shi gefensa jikin bango ya ce, "Malam, naka mu ajiye shi nan, in waɗannan ba su isa ba sai a buɗe." Sannan na ga hannun Baba ya nufi shinkafa. Ban tsaya ganin sauran ba, na samu ɓarawona.

Washegari na same shi a ɗaki na ce, "Baba, don Allah ka riƙa cin abincinka a cikin gida. In ka gama sai ka fita hira."

Ya ce, "Shekara arba'in a soro nake ci."

Na ce, "Shekara arba'in ba ka da suga."

Ya ƙara wa rediyo murya. Baba ba mai faɗa ba ne, amma wajen yin kunnen uwar shegu ban ga na biyunsa ba.

Sai na ƙulla dabara da Yayanmu da ke aiki a Kaduna. Ya tare a sabon gida, dama yana son iyayenmu su je su sa albarka. Na ce ya riƙe su sati biyu, lokacin ina hutun makaranta, in bi su in tsaya a kan abincin da kaina. Lissafina shi ne in Baba ya saba cin abinci shi kaɗai, ya ga sugan ya sauka da idonsa, to da mun dawo an yi sallama da ciyayya. Umma ta ce a bar ta ta tsare gida. Na ce gidan ba gudu zai yi ba. Ta ce akwai kaji. Na ce maƙwabta sa zuba musu tsaba. Haka muka garƙame ƙofa, soro da komai.

Yaya ne ya zo ya ɗauke mu. Tafiyar ta yi daɗi, a ganina. Dawa ta yi kai a gonaki, masu rake da gwaiba sun cika bakin titi, Umma tana ta nuna min garuruwan da ta sani tun tana amarya. Baba yana gaba, yana kallon hanya har aka fara karanta farashin hatsi a rediyon mota. Nan ya ce a ƙara murya. Da aka gama ya ce, "Allah ya rufa asirin bayinsa." Muka ce amin. Na ɗauka addu'a ce irin wadda ake yi wa duniya baki ɗaya.

A Kaduna komai ya tafi yadda na tsara. Kwana biyu kacal sugan ya sauka, ina yawo da na'urar ina nuna wa kowa kamar na ci jarrabawa. Abin da na ƙi kulawa da shi shi ne magariba. Za a ajiye masa faranti a kan tebur, ya zauna ya zuba masa ido, ya dubi agogo, ya yi loma uku ya ce alhamdu lillahi.

Ranar da muka kwana uku, bayan sallar asuba, na fito na tarar da shi a falo ya sa babbar riga da hula, jakarsa a kan cinya.

Ya ce, "Gida za ni."

Nan fa na sake baki. Na ce ana nema masa lafiya yana gudu. Na ce shinkafar maƙwabta ta fi masa 'ya'yansa. Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kunya ta rufe ni. Bai kalle ni ba, Yaya ya kalla ya ce, "In ba za a kai ni ba, na san hanyar tasha."

Sai bayan azahar Yaya ya samu fitowa daga ofis. Baba, wanda kullum faɗansa a mota shi ne a rage gudu, ranar shi ke cewa, "Ɗan taka ta mana, yamma tana yi." Ni kuwa na naɗe a baya na kumbura, ko ruwa aka miƙo min ba na karɓa.

Mun shiga gari ana shirin kiran magariba. Mota ba ta shiga lungunmu, a bakin titi Yaya ya tsaya. Baba ya riga kowa sauka. Kafin in kwaso kaya ya buɗe soro, ya share da kansa, ya shimfiɗa tabarma, ya wuce masallaci. Umma ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora tukunya.

Ina dawowa da jaka ta ƙarshe, an idar da sallah, na ci karo da Baba mai hula a ƙofar soro. Tafe yake yana dafa bango, shuɗin kwanonsa a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, kun dawo? Kwana uku kamar shekara." Na miƙa hannu in karɓar masa kwanon, kamar yadda kowane ɗa zai yi wa babba. Ya ɗan janye, amma na riga na kama.

Babu komai a ciki. Nauyin kwano ne da murfinsa kawai, murfin ma har ya yi 'yar ƙara.

Na ɗaga kai. Shi ya kawar da nasa yana gyara hula. Daga cikin soro Baba yana kallona, kuma ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba. Ba harara ba ce, roƙo ne. Na sauke jakar a ƙasa, na tallabi kwanon da hannu biyu, na shiga a hankali na ajiye shi a gefen Baba jikin bango. Na ce, "A ci lafiya," na shige gida da sauri kafin muryata ta tona ni.

A madafa na tsare Umma. Ba ta daina tuƙi ba take ba ni labari. Shekara uku ke nan idon Baba mai hula ya yi rauni, masu kawo wankin hula suka watse. Matarsa tana kwance, 'ya'ya babu a kusa. Mutum ne da gara ya kwana da yunwa da ya tsaya a ƙofar wani. Sai dai ya wanke kwano ya rufe ya fito ciyayya kamar kowa, ya ci tare da abokansa, in an tashi Baba ya juye abin da ya rage a ciki, shi kuma ya kai wa matarsa. Ba wanda ya taɓa furta komai, ko a tsakaninsu su uku. Da na mayar da malmala biyar biyu, sai Baba ya riƙa ɗan taɓa shinkafa don a ga bakinsa yana motsi, ya bar tuwonsa saboda shuɗin kwano, ya shigo ya cike cikinsa da burodi.

Na ce, "Umma, me ya hana ki faɗa min?"

Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ce, "To kwana ukun nan fa? Me suka ci?"

Ta mayar da kai kan tukunyarta. Na zauna a kan turmi na yi kuka, kukan haushin kaina. Da ta gama tuƙi na karɓi mara na kwashe da hannuna, malmala shida.

Da safe na shiga gaishe da Baba, na ce ya yafe min maganar Kaduna. Ya ce, "Wace magana?" Ya miƙo min yatsa in gwada.

Yanzu alkama ake tuƙawa, amma ba a aunawa. Na je na roƙi Hajiyar Baba mai turare ta riƙa sauya shinkafar da wake ko faten acha, ta ce dama mijinta ma tumbi ya isa. Burodin bayan isha ya ƙare. Sugan Baba yana hawa yana sauka, likita yana ƙorafi, ni ma ban fasa mitata ba, hali zanen dutse. Yaya ya sake kiran su Kaduna da sallah, na ce sai dai shi ya zo, soronmu ba ya rufuwa da magariba.

Baba mai hula ya san na sani, ni ma na san ya sani. In muka haɗu a ƙofa ba ya janyewa kuma, miƙo min yake yi. Ni kuma har yau da hannu biyu nake karɓa.