Yadda Mai Kifi Ya Ci Ɗakin Kurege

Idan ka shigo kasuwarmu ta Suwon, a Koriya ta Kudu, ta ƙofar masu ganye, kafin ka ga Yaya Pyo Mal-sun za ka ji ta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum a jiƙe, murya kuwa ta mutum uku aka haɗa mata. Awara take sayarwa da zafinta. Ita ke jiƙa wakenta, ta markaɗa, ta dafa, tun tana amarya, yau ga shi jikarta har ta shiga jami'a. Ni ce Ok-bun, rumfata ta ganye da barkono tana manne da tata, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Matar nan ba ta san hutu ba. Ranar auren ɗanta ma sai da ta buɗe rumfa da safe, ta ɗaura zanen aiki a kan kayan biki. In ka ce mata ta huta sai ta ce, "Waken zai markaɗa kansa ne?" Ko yawon buɗe ido da ƙungiyar kasuwa ke kai mu duk kaka, da ƙyar muke jan ta.

To, a irin wannan yawon ne abin ya faru. An kai mu wani gandun daji a duwatsun Gangwon, irin wanda hukuma ta gina ɗakunan katako a ciki ana haya. Mun baje tabarmi a bakin ruwa muna ci muna waƙa, Yaya ta ce hayaniyarmu ta ishe ta, ta yi sama. Can sai ga ta tana saukowa a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Ok-bun! Ke Ok-bun! Na ga saniyar!"

"Wace saniya kuma, Yaya? Me kika sha?"

"Saniyar Inna mana, sakarai!"

Sai na gane. Mahaifiyarta, wadda duk kasuwa muke ce wa Inna, ta haura tamanin da biyar, ido ya yi hazo, ƙafa ta daina ɗaukarta. A wani kwari na Gangwon aka haife ta, cikin masu noman masara da dankali a jikin dutse. Bayan ta yi aure aka sauko da mutanen wurin aka dasa itatuwa, ko tushen gida bai rage ba. Kullum zancen Inna ɗaya ne: gidansu yana inda rafi biyu suka haɗu, ƙarƙashin dutsen da ya yi kama da saniya a kwance. Daga nan sai ta koma kan wanta Deok-bae, wanda yake tsallaka dutse zuwa bakin teku ya sayo kifin gishiri, ita kuma ta tare shi a hanya ya goyo ta zuwa gida. Yaƙi ya tafi da shi. Mun ji labarin nan har muna iya ƙarasa mata.

Yaya ta ja ni muka hau. Ga rafi biyu, ga saniya a kwance, ga kuma ɗan ɗakin katako a gindinta, an rubuta masa suna a ƙofa: Kurege. Ta dafa ƙofar tana haki ta ce, "Nan zan kawo ta ta kwana."

Faɗar ce mai sauƙi. Ƙirjin Inna ba ya jure sanyin dutse, sai a tsakiyar lokacin zafi, lokacin da masara ke nuna. Lokacin nan kuwa duk ƙasar take son ɗakunan, don haka ƙuri'a ake yi, kowa suna ɗaya ta wayarsa. Ɗakin Kurege kuma shi ne can sama shi kaɗai, babu maƙwabci, ɗaruruwan mutane ke rububinsa. Yaya ta saka sunanta, ta faɗi. Shekara ta zagayo ta saka nata da na ɗanta da nawa, muka faɗi gaba ɗaya. A shekara ta uku likita ya gaya mata gaskiya: zuciyar Inna ta gaji, in akwai tafiyar da za a yi, a yi ta bana.

Ranar da aka buɗe ƙuri'a Yaya ta ɗora tabarau a kan hanci ta shiga kasuwa rumfa-rumfa kamar mai karɓar haraji.

"Baban Su-jin, kawo wayarka. Ke mai taliya, goge hannunki ki danna nan. Kurege nake so, ba Zomo ba, ki buɗe idonki!"

Mai gyaran takalmi ya ce, "Haba Yaya, ki zaɓi na bakin ƙofa mana. Ya fi girma, ga baranda, masu nemansa kuma ba su kai na Kurege ba."

"Kai, wa ya ce maka baranda nake nema? Ni ba hutu zan je ba, gida zan kai ta. Danna!"

Kowa ya danna, har mai gadi. Kasuwa ta ɗauki zafi kamar ana gobe biki. Rumfa ɗaya kawai ta tsallake, ta Ma Gwang-pil mai kifi. Rumfarsa tana sama da tata kaɗan, ƙanƙarar kifinsa in ta narke ruwan ƙarƙashin teburin awara yake bi. Shekara da shekaru suna wannan faɗan. Ita ta ce masa mai ƙarni, shi ya ce mata ƙararrawar kasuwa. Da ya ga ta wuce shi sai ya ɗaga murya yana sara kan kifi:

"Ai ni ma ina da waya! Zan saka sunana in ci Kuregen, in je in miƙe ƙafa ni kaɗai, kunnena ya huta!"

"In ka ci in cinye teburin nan!" in ji Yaya.

Safiyar sakamako babu wanda ya yi cinikin kirki. Wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Mai taliya ta duba ta girgiza kai. Baban Su-jin ya yi tsaki. Tawa ma haka. Yaya tana tsaye da wuƙar awara tana bin fuskokinmu da ido. Can sai muka ji wata irin dariya daga sama, mai kama da injin da ya ƙi tashi.

Gwang-pil ne, ya ɗaga waya sama da hannunsa mai ɓawon kifi.

"Ƙararrawa! Da gishiri za ki ci teburin ko haka nan?"

Tabɗijam! Kasuwa ta kaure. Wasu na tafi, wasu na riƙe ciki, mai gadi har da rawa. Yaya ta kira ofishin gandun nan take, aka gaya mata abin da duk muka sani: ba a sauya suna, ba a sayarwa, wanda ya ci shi zai zo da katin shaidarsa ya karɓi mabuɗi. Ta ajiye wayar ta zauna a kan bokiti. Sai da ta ba ni tausayi.

Ba ta daɗe ba ta miƙe. Ta yanko awara mafi kyau, fara tas, tana tururi, ta ɗora a faranti ta nufi rumfar kifi. Duk muka miƙa wuya.

Gwang-pil ya dubi farantin ya ce, "A'a! Daga kurkuku na fito da za ki tarye ni da farar awara?" A wurinmu da ita ake taryar wanda ya fito daga kurkuku.

"Karɓi, hannuna na ƙuna."

"Me ake so?"

Da kunnena na ji ta kira shi da sunan 'yarsa, ta ce, "Baban Hye-rin, don Inna."

Bai dube ta ba, ya ci gaba da goge wuƙa. "Motata za a shiga, ni zan tuƙa, kuma babu mai gaya mini hanya. Ku mata ku kwana a ɗakin, ni mota ta ishe ni. Ji wani abu, ni na ci ƙuri'a ni ne a waje!" Ya gutsuri awarar ya ce gishiri bai ji ba. Sai daga baya na lura, ranar zuwa da ya zaɓa a wayarsa ita ce daidai wadda Yaya ta yi ta faɗa wa mutane su zaɓa.

Kai, shirin tafiyar nan! Yaya ta yayyago kwali ta rubuta AN TAFI HUTU ta rataya, mutane suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Ta haɗa tukwane, barguna, shinkafa, tsimin ganye da muke ce wa kimchi kala-kala, kai ka ce ƙaura za mu yi. Inna kuwa tun da sassafe ta sa rigarta ta fita, ta taje kai, tana zaune a keken guragunta tana tambaya ko motar ta zo. Gwang-pil ya wanke motar kayansa har da ruwan tsami, amma ƙarni ina zai je? Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, na mintsine ta.

Hanya ta yi mana daɗi. Mun tsaya mun sayi dafaffiyar masara, Inna ta ci rabin guda, abin da ta daɗe ba ta yi ba. A ofishin gandun Gwang-pil ya miƙa katinsa yana ɗaga kafaɗa, aka ba shi mabuɗi, ya fito yana kaɗa shi a gaban hancin Yaya. Muka bi hanya har inda kwalta ta ƙare. Nan dariyarmu ta tsaya.

Matakala. Ta katako da duwatsu, tana hawa tana lanƙwasa cikin itatuwa, ba ka ganin ƙarshenta. Ni da Yaya mun hau ta da ƙafafunmu wancan karon, murna ta hana mu lura. Shekara uku tana zancen dutse da rafi, ko sau ɗaya ba ta tuna da keken Inna ba.

"Wayyo ni," in ji Yaya. "Wayyo kaina."

Ta durƙusa ta ce in ɗora mata Inna a baya. Na ɗora. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, saura kaɗan su kife su biyun. Ta sake gwadawa, haka. Inna ta shafa kanta ta ce, "Bari, Mal-sun. Ai ina jin ƙarar ruwan daga nan. Ya isa." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Gwang-pil ya ajiye akwatin da ya ɗauko. Ya ture Yaya gefe da gwiwar hannu, ya juya baya ya tsuguna.

"Inna, hau. Kullum akwatin ƙanƙara nake ɗauka, ke ai ba ki kai rabinsa ba."

Muka ɗora ta, ya miƙe tsaf. Yaya ta bi shi a baya hannu biyu a buɗe tana ta "a hankali, a hankali," ni ina biye da barguna. Mun ɗan yi nisa sai na ga Inna ta kwantar da fuskarta a wuyansa tana shaƙa. Ta sake shaƙa.

"Ka samo kifin?" ta ce.

"Na kawo, Inna, na gishiri, yana mota."

"Ka daɗe, Yaya. Tun safe nake jiranka a hanya."

Yaya Mal-sun ta yi sauri ta ce, "Inna, ba shi ba ne, mai kif..." Gwang-pil ya waiwayo ya watsa mata wani kallo.

"Yi haƙuri, ƙanwata," ya ce. "Kasuwar ce ta cika."

"Bi ta hagu. Ka manta? Ta dama akwai santsi."

Ya bi ta hagu. Muka ɓullo, ga rafi biyu suna haɗuwa, ga ɗakin Kurege, ga saniya a kwance rana ta gasa mata baya. Bai nufi ƙofa ba, wurin dutsen ya kai ta. Inna ta miƙa hannu ta shafa, ta shafa, ta sami wani ɗan rami a jiki ta sa yatsa a ciki, sai ta yi dariya kamar yarinya.

"Sauke ni, Yaya. Mun iso gida."

Yaya Mal-sun ta zauna daɓas a ƙasa ta saki kuka da wannan muryar tata, har tsuntsaye suka tashi. Ni ma ban tsaya kunyar kowa ba. Gwang-pil ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa, alhali ba a kunna wuta ba tukuna. Da la'asar ya gasa kifin a baranda, ya zare ƙaya da hannunsa yana ɗora mata a kan shinkafa, ta ci ta ƙoshi. Kwana biyu muka yi, kullum da safe sai ya goya ta zuwa bakin ruwa.

Da muka dawo kasuwa ba abin da ya sauya. Ƙanƙara ta narke, ruwan kifi ya biyo hanyarsa ta kullum ya shige ƙarƙashin teburin awara. Yaya ta duba ƙasa, ta riƙe ƙugu, ta cika ƙirji da iska. Duk muka dakata muna jiran "mai ƙarni."

"Kawu!" ta ƙwala, har ƙofar masu ganye aka ji. "Kawu, ruwanka! Kuma in ka tashi ka biya ta gida, ƙanwarka tun jiya take tambaya ko ka dawo."