Ranar da Aka Kai Gwaggo Balki Daji

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, ko bai san Gwaggo Balki a ido ba, ya san tsakinta. A gidanmu ana cewa idan ta ja shi daga hawa na huɗu, mai sayar da wake a bakin titi sai ya ɗaga kai. Ƙanwar mahaifinmu ce, doguwa, mai tafiya kamar ƙasar ba ta kai ta taka ta ba. Ba ta taɓa kallon abu ta ce ya yi. Shinkafar Misirawa ta ce ta caɓe. Shayin Sudanawa ta ce sukari ne aka ba shi haƙuri da ruwa. Ɗaliban Nijeriya kuwa ta ce Larabcinsu na cikin littafi ne, ko tumatir ba sa iya tayawa da shi.

Amma babban zaginta kalma ɗaya ce: baƙauye. Ita a cikin Birnin Damagaram aka haife ta, ubanta baduku ne mai shago, bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka.

Mijinta, Malam Munkaila, shi ya kawo ta Alƙahira lokacin da ya zo karatu. Karatun bai ƙare ba, ya koma saya wa 'yan kasuwar gida kaya a kasuwar Ataba, har ciwon zuciya ya ɗauke shi. Dangi suka ce ta dawo, ta ce ba za ta koma hannu rabbana a yi mata kallon tausayi ba. Ta nemi aiki, ta samu a Mohandessin, unguwar masu kuɗi, gidan wata Madam Dalia da ta haihu ba da jimawa ba. Jaririyar, Lubna, da ake kira Lulu, a bayan Gwaggo ta girma. Ita ce ke kiranta Dada, kamar yadda yaran Masar ke kiran mai renonsu. Gwaggo ba ta haihu ba. Aikin nan shi ke riƙe mata ɗakinta, kuma yarinyar nan ita ke tashinta da asuba ta bi mota biyu ba tare da ƙorafi ba.

Uwar ɗakin dai ba ta tsira daga bakinta ba. Kowace Juma'a, ranar hutunta, Gwaggo kan zauna a tsakiyarmu ta kwashe mana labarin gidan.

"Mace ta biya kuɗi ta je wani ɗaki ta yi ta gudu a kan bel, ba inda za ta," in ji ta. "Ta dawo ta miƙe a kujera ta ce, Balkis, miƙo mini ruwa. Ruwan ga shi nan gefen hannunta. Mtsss."

Tun makon farko Madam ta tambaye ta, da gaske ba wasa ba, wai a ƙasarsu zakuna na shigowa cikin gida? Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Ta ga wannan ba ta kai a ɓata yawu wajen gyara mata ba. Sai ta ce, "Aiwa, ya Madam. Kullum."

Daga nan abin ya samo asali. Da Lubna ta fara wayo ta zama mai ƙin abinci, Gwaggo ta gano cewa labarin daji na buɗe mata baki. Loma ɗaya, kura ta leƙo. Loma biyu, Dada ta maka mata taɓarya. A hankali aka haifi Gwaggo a kan bishiya, ta iya karanta sawun kowace dabba, tana murza itace biyu wuta ta tashi. Madam na jiyowa daga falo tana gyaɗa kai, ta kuma kwashe ta kai wa ƙawayenta. Mu kuwa ran Juma'a mu yi ta dariya har da riƙe ciki, Gwaggo na cewa, "Masu digiri ke nan. Da na ce musu wutsiya gare ni, sai sun nemi gani."

Shekaru suka tafi a haka, har gwiwoyinta suka fara ba ta labari. Wata rana tana goge falo ta ji Madam a waya tana tambayar wata ko ta san yarinya mai jini a jika. Gwaggo ba ta faɗa wa kowa ba sai mahaifiyata.

A kakar shekarar nan ne mijin Madam ya saɓa alkawari. Ya ce zai kai su wani gandun daji a Turai, inda ganye ke komawa ja da rawaya yana zuba, mutane su yi ta tafiya a ƙasa su kwana a tanti. Ƙawayen Madam biyu sun je bara, sun cika waya da hotuna. Tafiyar ta rushe. Madam ta yi kwanaki tana kumburi, sannan ta ce ai Masar ma da nata. Akwai wani kwari da aka killace a bayan unguwar Ma'adi, ana zuwa yawo a kafa tanti. Ta tara ƙawaye, ta sayo tantuna da takalma masu ƙaton gindi, ta shigo kicin fuska a washe.

"Balkis, albishirinki! Daji za mu. Kamar kin koma gida!"

Lubna ta rungume ta ta baya. "Dada, za ki nuna musu wutar nan ko? Na faɗa wa kowa a makaranta."

Gwaggo ta yi niyyar kwanciya ciwo. Sai ta tuna wayar nan, ta san idan ta kwanta wata za ta tashi a madadinta. Ta ce, "Tamam."

Zafin Masar ya karye a lokacin, iska na kaɗawa da ɗan sanyi. Da motocin suka tsaya ta fito ta duba gabas ta duba yamma. Farin dutse, tsakuwa, ƙura. Can da can wata 'yar ƙaya da ba ta wuce gwiwa ba. Idan ka ɗaga kai ta bayan tudu kana hango benaye da shanya a barandarsu.

"Wannan ne dajin?" ta ce da Hausa, don ba mai ji. "Ko akuya aka ɗaure nan sai ta kai ƙara."

Aka fara abin da suka zo yi, wato tafiya. Matan kowacce da sanduna biyu kamar masu jinyar karaya, da kwalbar ruwa a ƙugu, suna tsayawa duk bayan ɗan taki su ɗauki hoton dutse. Gwaggo na baya cikin abayarta da silifas, jakar abinci a ka. A ranta tana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ga wadda ke da gado mai katifa biyu ta biya kuɗi don ta kwana a tsakuwa. Ga wadda ba ta iya hawa bene ɗaya sai da lif, yau ita ce mai hawa tudu. Allah Ya ba mutum hutu ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya sayi wahala.

Lubna ce kawai ba ta saki hannunta ba.

"Dada, wannan sawun mene ne?"

Sawun kare ne, ko makaho ya shafa ya sani. "Yanyawa," in ji Gwaggo. "Uwa ce, da 'ya'ya."

Yarinyar ta ruga ta sanar, matan suka taru suna ɗaukar sawun kare hoto. Ana cikin haka wani ƙadangare ya fito daga ƙarƙashin dutse ya bi ta kan ƙafar Gwaggo. Ta daka tsalle ta ce, "Wayyo Allah na!" har jakar ta kusa faɗuwa. Da ta ga idanu a kanta ta gyara tsayuwa ta ce haka ake korarsu a can. Suka yarda. Wannan yardar ta fi komai ba ta haushi.

Da La'asar ta koma gefe ta yi sallarta. Kafin ta dawo an kafa tantuna, an jera kujeru a da'ira, an tara ƙirare a tsakiya. Madam na riƙe da wani ƙyalle mai zanen fatar damisa. Wata ƙawarta mai suna Israa ta saita waya.

"Yalla, ya Balkis. Ɗaura wannan, ki cire takalmin, don ya fito sosai. Ga itacen nan biyu. Ba ashana fa, yadda kike yi a can."

Gwaggo ta dubi ƙyallen. Ta dubi Lubna, wadda ta durƙusa kusa da ƙiraren idonta na ƙyalli. Ta karɓa ta yafa a kan abayar. Ta zare silifas, tsakuwa ta soke ta. Ta durƙusa, gwiwoyin suka yi ƙara, ta kafa itace ɗaya a kan ɗaya ta fara murzawa.

Ta murza. Tafin hannunta ya yi zafi, itacen bai yi ba. Gumi ya fara bin wuyanta. Wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce wataƙila itacen Masar ne bai san ta ba. Gwaggo ta ci gaba, tana addu'a a ranta ko hayaƙi ne ya taimaka ya fito. Da abin ya tsaya nan, ina jin da ta murza har fatar hannunta ta saɓule.

Sai Israa ta sauke wayar kaɗan ta ce, "Dalia, ai ba ta yi waƙar ba. Ba sai sun yi waƙar ƙabilarsu wutar ke kamawa ba?"

"Sahih!" in ji Madam. "Yi waƙar, ya Balkis. Ki ɗan taka ma idan da hali."

Hannun Gwaggo ya tsaya. Jikar masu shago, 'yar cikin ganuwa, matar malami, wai ta taka rawa ba takalmi a gaban waɗannan. Ta ajiye itacen. Ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali. Ta je wurin kayan shayi, inda ƙaramin murhun gas yake, ta ɗauki laita ta kunna, ta ɗauko shi da wutarsa ta dire a tsakiyar da'irar.

"Ga wuta," ta ce, da Larabcinta na kasuwa. "A garinmu da ashana ake hura ta, ya Madam. Ubana jaka yake ɗinkawa, irin wadda kike saya da tsada ki ce daga Italiya. A soro aka haife ni, ba a bishiya ba. Kura ɗaya na taɓa gani a duniya, ita ma da takunkumi a baki, masu wasa na jan ta a kasuwa, kuma na gudu. Zaki kuwa a Giza na fara ganinsa, ranar da kika ce in kai Lulu gidan dabbobi. Wancan sawun na kare ne. Shekara nawa ina gidanki, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni sunan garinmu ba."

Ta cire ƙyallen ta ninke shi tsaf, ta ajiye a kan kujera. Israa ta manta wayar na ɗauka.

"Dada," in ji Lubna. "Ƙarya ne duka?"

Nan ne kawai muryar Gwaggo ta sauka. "Tatsuniya ce, Lulu. Don ki ci abinci."

Yarinyar ta tashi ta shige tanti ta ja zif. Fuskar Madam ta yi ja har kunnuwa.

"Khalas, ya Balkis," ta ce. "Khalas."

Gwaggo ta san abin da ake nufi: aikinta ya ƙare. Ta sa silifas ɗinta ta kama hanyar ƙofar kwarin, tafiya mai nisa a kan duwatsu, ba sanda ba kwalbar ruwa. Ana kiran Magariba ta samu mikrobas, ƙaramar motar haya.

Da ta ba mu labarin, da tsaki ta fara da tsaki ta ƙare. Ta kwaikwayi tafiyar masu sanduna har ƙannena suka faɗi don dariya. Ta ce a cikin taron nan duka ita kaɗai ta yi tafiyar da suka biya kuɗi su yi. Amma mahaifiyata ta lura kullum wayarta na kan cinyarta, fuska sama. Ba a kira ba.

Bayan kamar mako biyu wata maƙwabciyarmu Basudaniya, Sulafa, ta hawo sama tana sunkuyar da kai. Yarinya ce mai kunya. Ta ce an yi mata hanyar wani aiki a Mohandessin, sai daga baya ta gane gidan wa ne, kuma ba za ta karɓa ba sai ta ji daga bakin Khala Balki, kamar yadda take kiran Gwaggo.

"Karɓi mana," in ji Gwaggo. "Gidan ubana ne? Je ki ki sha wauta har ki ƙoshi."

Ta tashi ta ɗauko makullin ƙofar kicin da ke cikin jakarta ta jefa mata a cinya. Sulafa ta yi godiya ta miƙe, har ta kai bakin ƙofa.

"Ke," in ji Gwaggo, ba ta juyo ba. "Yarinyar tana tsoron duhun bayan gida, amma ba za ta faɗa miki ba. Ki riƙa barin fitilar a kunne. Gashinta kuma daga ƙasa ake fara tajewa, uwar ba ta iya ba, fizga take yi."

"In gaishe ta?"

Gwaggo ta dubi wayar da ke cinyarta.

"Idan ta tambaya," ta ce.