Goyon Ƙirji a Watan Marka

Tsakiyar marka aka haifi 'yata ta biyu, tun watanninta ba su cika ba. Lokacin muna zaune a Birchi, ina sayen wake a hannun manoma ina kaiwa Dutsin-Ma. Naƙuda ta taso wa matata ba shiri, muka yi asibitin Kurfi, daga can aka tura mu Dutsin-Ma saboda jinin da ta zubar. Ita aka kwantar ana ƙara mata jini, jaririyar kuma aka sa ta a kwalba. Da na leƙa na ga ƙanƙantarta, sai na shiga yi mata addu'a.

Da ta fara kama nono aka yi maganar sallama, sai wata dattijuwar nas ta kira ni gefe.

"Malam, ka san kitse iri biyu ne a jikin ɗan Adam?"

Na ce, "Sista, ni dai ɗaya na sani." Na shafa tumbina.

Ta yi dariya. "To, wannan naka fari ne, ajiya ce kamar hatsi a rumbu. Akwai wani mai launin ruwan ƙasa, shi aikinsa ƙonewa. In sanyi ya taɓa jiki sai ya ƙona maiƙo da sukari ya ba da ɗumi. Mu manya saura kaɗan ya rage mana wajen wuya. Jariri kuwa bai iya karkarwa ba, da wannan kitsen yake ɗumama kansa."

Ta juya jaririyar a hankali, ta ɗora yatsa tsakanin kafaɗunta. "Nan ya fi taruwa. Amma a watannin ƙarshe na ciki ake tara shi, ita kuma ta yi gaggawar fitowa. In ta ƙarar da ɗan abin da take da shi wajen fama da sanyi, nonon da take sha ba zai zauna a jikinta ba."

Maganin, in ji ta, a ɗaura yarinyar a ƙirjin babba, fata da fata, daga ita sai hula da safa da ƙyallen fitsari. Matata kuwa in ta daɗe a zaune jiri ke ɗibarta. Nas ta tambaya wa zai riƙa karɓarta. Na duba babu kowa sai ni, na cire riga.

Da muka koma gida Inna, mahaifiyata, ta gan ni da majanyi ɗaure a ƙirji, ta tafa hannu.

"Yau na ga abin da ya ishe ni! Namiji da goyo, goyon ma ta gaba? A hura kasko a rufe ɗaki, haka muka raini bakwaini."

"Inna, an ce hayaƙin gawayi zai cuci numfashinta."

Ta taɓe baki ta fita. Abokaina ma da suka zo barka suka same ni a zaure, babbar riga a kan goyo, wani ya tambaye ni yaushe zan fara wankan jego. Na yi dariya tare da su, amma ban kwance ba. Ciniki na bar wa abokin sana'ata. In za ni masallaci sai in miƙa wa uwarta, ina dawowa in karɓa.

Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na taɓa ƙafafun yarinyar na ji su sanyi ƙalau, an ba ta nono ta ƙi kamawa. Matata ta fara kuka. Hanya ta cika da ruwa, ko babur ba zai fita ba. Na ƙara matse ta a ƙirjina, na lulluɓa bargo har gumi na tsiyaya ta bayana. Matata ta tatsi nono a kofi, tana ɗiga mata da cokali kamar yadda aka koya mana. Inna na tsaye bakin ƙofa da carbi.

Kafin azahar na ji 'yan ƙafafun sun yi ɗumi a cikina. Can sai ta callara kuka, irin kukan da ba ta taɓa yi ba, ta kama nono da ƙarfi.

Inna ta shigo ta zauna. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta sassauta zaninta.

"Kai, je ka yi wanka, kana warin gumi. Miƙo min ita."

Tun daga ranar muka zama mu uku masu karɓa-karɓar goyon. Duk zuwa awo sikeli sai ya ƙara gaba, har kumatu suka fito, wuya ya yi guru-guru.

Zuwanmu na ƙarshe, ina ƙoƙarin mayar da ita cikin majanyi bayan awo, ta banƙare, ta dinga harbina da ƙafa tana ihu. Na kasa ɗaure ta. Nas ta tsaya tana kallo, ta riƙe ƙugu.

"Ƙyale ta, Malam. Ta ce ta gode, yanzu za ta iya da kanta."

Matan da ke layin awo suka sa guɗa. Na ɗaga 'yata sama da hannu biyu ina ta hamdala, sai daga baya na tuna ko riga ban mayar ba.