Ragon Marayu

Duk wanda ya san kasuwar Batsari ya san Kawu Ɗanjuma da ragonsa. Mahauci fa, da wuƙa a ƙugu, amma shekara huɗu yana jan rago ɗaya da igiya bai yanka ba! Masallaci tare suke zuwa, gaisuwar mutuwa tare. Mahauta 'yan uwansa sukan ce, "Ɗanjuma, ya maigidan naka ya kwana?" Ya ce, "Lafiya lau. Ya ce in gaishe ku, ku daina cusa ma mutane ƙashi."

Kun dai tuna shekarar da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Safana, suka kora shanun da ya ɗauko bashi. Kawu ya karye, ko tukunyar suyarsa sai da ya sayar. Mai unguwa ya tara masu binsa bashi a ƙofar gida don a sassauta masa. Alhajin da ya ba shi shanun ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai saboda Allah na yafe." Bai rufe baki ba Kawu ya ɗaga hannu sama: "A shafa fatiha, jama'a, tun bai je gida an zuga shi ba!"

Sai aka zo kan Inna Hajara, wata tsohuwa ta wata unguwa a bayan Yasore. Ta ba shi bashin rago ya yanka kafin abin ya faru, ragon jikokinta ne biyu, marayu. Ita ma ta aiko cewa ta yafe. Nan Kawu ya ɓata rai.

"Ta yafe mi? Nata ne? Riƙo aka ba ta. Wanga bashi babu mai yafe shi sai yaran, su kau ba su isa yafiya ba."

Kafin ya haɗa kuɗin, aka afka wa unguwar tasu. Tsohuwar ba ta tsira ba, yaran kuma dangi suka gudu da su, ba wanda ya san inda suka nufa. Kawu ya yi wata bakwai yana fiɗa a rumfar wasu, har ya sayi ɗan rago. Na ce ya ajiye kuɗi mana, ya huta da wahalar kiwo. Ya harare ni. "Rago na amsa, rago zan maida. Kuɗin yanzu, ka ajiye na rago ka wayi gari na kaza ne."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, magatakarda nake a kotu a Katsina, kuma a lokacin ina ji da ɗan karatuna. Na zaunar da shi na ce, "Kawu, a doka in mutum ya karye, kotu tana iya sauke masa bashi, ta ba shi takarda."

"Duka?"

"To, ban da irin su dukiyar amana."

Ya yi dariya har da tari. "Ka sha hanya daga Katsina don ka faɗa mani abin da na sani? Sauran ma, takardar taku a cikin likkafani za ka sa mani, in miƙa ma mala'iku?"

Gwaggo Rabi, matarsa, ita ta fi kowa shan wuya. Wata Babbar Salla wani ya taya ragon da kuɗin da zai ishe su hatsin shekara, Kawu ya ce albarka. Ta fito tsakar gida tana faɗa: "Malam, muna shan kunu salam, rago na cin dusa da harawa! Haƙƙina fa?" Ya ce, "Naki mai sauƙi ne, Rabi. Ke na san inda kike, kuma za ki yafe."

Muna dariya, amma wallahi abin yana cin sa. Duk ranar kasuwa sai ya bi motocin ƙauye ɗaya bayan ɗaya yana tambayar jikokin Hajara. Aka ce Karare, ya je. Aka ce Darini, ya je da ƙafa, rago na biye. Ya rame, ragon ya yi ƙiba. A ciwon ajalinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, tsoro nake ji." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, ko ranar da aka ɗora masa bindiga.

Da aka jera sahu za a sallace shi, liman ya ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana. Sai ragon, yana ɗaure a ƙofar gida, ya saki kuka. Wasu suka fara dariya, dariyar ta koma hawaye. Na fito na ce bashin ya dawo wuyana.

Yau shekara biyu ke nan. Ragon yana gidana, haƙoransa sun fara zubewa, sai an jiƙa masa dusa. Na bi kasuwanni, na bi makarantun da 'yan gudun hijira suka zauna, ban samu ko wanda ya san sunan yaran ba. Na fara fid da rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ya Allah, Kawu bai ci ba, bai ɓoye ba, Kai ne shaida. Ka jiƙansa, Ka sauke masa abin da mu ba mu da ikon saukewa. Yaran nan kuma, in suna raye, Ka nuna mani ƙofarsu tun ragonsu yana iya tafiya.