Bayan Ɗakin Inna

Gidan da aka haife ni a ciki, da gumina na saye shi, kuma daga hannun baƙo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yayana ne ya sayar da shi bayan rasuwar babanmu, ina can Abijan wurin bida, wato ci-rani. A waya ya sanar da ni, bayan an riga an gama komai. Wai gini ya tsufa, damina na cin katanga, shi ba zai iya yaɓe kowace shekara ba. Ya kwaso Inna daga Barmou ya kawo ta Tahoua, ya ajiye ta a wani ɗaki da ke jingine da injin niƙa. Wani alhaji ɗan kasuwa ne ya sayi gidan, don ya samu masauki in ya je sayen dabbobi. Ya zuba masa siminti da kwano da fenti, ya shimfiɗa karo, wato tayil, har tsakar gida, sai daga baya ya tuna shi mutumin birni ne, ba ya iya zaman ƙauye. Ya sa gidan a kasuwa.

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce a mayar da ita ba, ba halinta ba ne. Amma duk wanda ya zo daga Barmou sai ta tsare shi da tambaya: ko an yi ruwa, ko aduwar bayan ɗakinta tana nan. Da na dawo gida na tarar ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Shi ya sa da na ji gidan yana kasuwa ban tsaya dogon ciniki ba.

Dillalin gidan ya zagaya da ni yana ta zuba. Aduwa dai an sare. A wurinta an yi wani ɗan ɗaki mai shuɗiyar ƙofa, makewayi na zamani, da abin zama da famfo.

"Wanga ko a Yamai sai gidan manya," in ji shi.

Ni kuwa har daɗi na ji, don gwiwoyin Inna ba sa son tsuguno.

Ranar da na kai ta, da hantsi muka isa. Maƙwabta suka cika zaure ana ta barka da dawowa. Ita ba ta zauna ba. Ta ratsa tsakar gida da sandarta, tana taka karon a hankali kada santsi ya kwashe ta, ta zagaya bayan ɗakinta. Na bi ta. A gaban shuɗiyar ƙofar ta tsaya.

"Mi na na wanga?"

"Makewayi na, Inna. Kin huta da tsuguno."

"Rami anka haƙa nan?"

Na ce rami mai zurfi ma, an ɗaure shi da siminti.

Ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Yayyenka biyu na nan ƙasa."

Ni ne auta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini. A garinmu, a da, jaririn da ya koma kafin ranar suna ba a kai shi maƙabarta. A cikin gida ake rufe shi, bayan ɗakin uwarsa. Ba a sa alama, ba a kuma yawan zancen. Uwa dai ta san wurin, ba ta zubar da ruwan wanki a nan, ba ta bari a ɗaure akuya. Ashe abin da Inna take tambaya ke nan duk shekarun nan in ta ce aduwa.

A take na kira yayana a waya. Shi ya sani, don yana da wayo lokacin da aka rufe su.

"Yaya, da ka saida gidanga, ka gaya ma alhaji abin da ke bayan ɗakin Inna?"

"Kai, wanga zance ya daɗe," in ji shi. "Ɗiyan da ko suna ba su samu ba? In na hwaɗi, wa za ya saye?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Abin da na gaya masa ba zai rubutu ba. Ban ga laifin alhaji ba, bai sani ba. Amma mutum ya sha nono ɗaya da waɗannan yara, ya rufe bakinsa don kada ciniki ya lalace! Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idon Inna.

Na koma Tahoua na nemo maginin da ya yi aikin, na same shi a kan wani gini. Da ya ji, sai ya ajiye cokalin gininsa ya yi salati. Ya rantse bai ga komai ba, ƙasa ce kawai da saiwoyi. Na tambaye shi ina ƙasar. Ya ce amalanke ta kwashe, an cike zaizayar da ruwa ya yi a hanyar kasuwar Barmou.

Na so in ɓoye mata, amma ina shiga gida ta ce: "Ina anka kai su?" Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa na kwatanta mata daidai wurin, har na ce gab da rumfar mahauta.

Na sa an rushe makewayin, an cike ramin, an yi wani can kusa da zaure. Inna tana zaune a gidanta yanzu, tana cin tuwonta, har ta ɗan murmure. Sai dai ranar kasuwa, in za ta sayen daddawa, ba ta bin hanyar da kowa ke bi. Takan zagaya ta bayan gari, cikin rana, da sandarta da gwiwoyin nan nata. Na taɓa cewa ta bari in ɗauke ta a babur mu bi ta miƙe.

"Kai dai bi," in ji ta. "Ni ba ni taka su."