Haladu da Farantan da Suka Sake Launi

Haladu mutumin Ɗanzomo ne, amma ƙuruciyarsa a kasuwar dabbobi ta Maigatari ya yi ta, yana kora wa fatake dabbobi. A can ya ga yadda ake sayen rago mai ƙiba da safe, a kai wa mutum ramamme da yamma. Ya dawo gida da ɗabi'a guda: ba ya yarda da abu sai ya juya shi.

A shekarar 1992 aka ɗauke shi gadin ƙaramin asibitin ƙauyensu, inda aka kafa farantan sola a kan ƙarafa domin firjin alluran rigakafi. Ya karɓe su shuɗaye, suna ƙyalli. Bazara ta zo ta wuce, damina ta bi ta, har wata shekara ya lura tsakiyarsu ta koma ruwan shayi, firjin kuma ya rage sanyi. Nan take ya yanke hukunci: musanye aka yi masa.

Zarginsa ya sauka kan Cindo, abokin ciyayyarsa tun suna samari. Cindo yana sayar da tsofaffin batura da rediyo a Maigatari kowace Alhamis, kuma ya taɓa tambayarsa ko farantan suna da nauyi. Haladu bai ce masa komai ba. Ya daina fito da kwanonsa dandali, in sun haɗu a masallaci ya gaisa da shi a tsaye. Da Cindo ya aiko a ji ko lafiya, ya ce a gaya masa lafiya lau.

Ana cikin haka Reuben, mai gyaran sola, ya zo daga Gumel a kan babur.

"Baba, ba wanda ya taɓa maka kaya," in ji shi. "Akwai wani danƙo a ƙarƙashin gilashin. Zafin nan namu ne ke dafa shi, laimar damina ta ƙarasa. Na Gagarawa ma haka suka yi."

"To, ashe har Gagarawa hannun ya kai," Haladu ya ce, yana kallon jakar Reuben. "Kai ka san Cindo?"

Reuben ya yi dariya, ya goge hannunsa, ya tafi.

Haladu ya durƙusa ƙarƙashin ƙarafan domin ya ga ko Reuben ya kwance wani abu. A kan kowane noti akwai gidan zanzaro, wani kan wani, laka ta bushe ta yi tauri. Ya san su. Tun shekarar farko yake cewa zai kankare su bai yi ba. Ko ɗaya bai tsage ba. Ya daɗe a tsugune yana neman hanyar da za a ɗauke faranti ba a taɓa noti ba. Bai samu ba.

Bayan magariba ya ɗauki kwanonsa zuwa dandali. Mutane suka matsa, suka ba shi wuri. Cindo ya jawo kwanon, ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya sunsuna.

"Haladu, ka tabbata tuwon gidanka ne? Ba a musanya maka a hanya ba?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Wa ya gaya maka?"

"Fuskarka."

Cindo ya wanke hannu, ya fara gutsura daga gefen Haladu.